Buhun Kanwar Da Na Kai Kebbe Da Hannuna

Sunana Nasiru, malamin makaranta ne ni a Tambuwal, kemistiri nake koyarwa shekara tara ke nan. Na rubuta wannan ne saboda matata Luba, wadda ta rasu kwana talatin da takwas bayan ta haifa mana 'yarmu ta fari. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. In kuma yana da mai jego a gida, ya daure ya kai ƙarshe, don ba na so wani ya zauna inda nake zaune yau.

Ni mutum ne mai baki, duk wanda ya san ni zai shaida. Muna da majalisa a gindin wata dalbejiya kusa da tasha, muna haɗuwa bayan la'asar. A nan ake naɗa gwamna a tuɓe shi kafin a kira magariba. Ni aka bar wa ɓangaren ciki, wato abin da ake ci da abin da yake yi a jiki. Babban abokin gardamata shi ne Cika, ɗan jam'iyya na gani-kashe-ni, wanda ke tuƙa motar kamfen mai lasifika biyu a ka. Tare muka taso, amma ban tuna ranar da muka yarda a kan magana ɗaya ba.

Wata rana, lokacin Luba na da cikin wata bakwai, ana ta cacar baki a kan masu sauya sheƙa. Sai na sayi zoɓo na juye a kofi, na karɓi ɗan ɓarin kanwa wurin mai tebur na jefa a ciki. Jan nan ya dushe, ya koma baƙi-baƙi mai ratsin kore. Na matsa lemon tsami, ya dawo ja kamar ba shi ba.

Na ce, "Ga ubangidanka nan, Cika. A jefa mai kanwa shi canza, a matsa mai tsami shi dawo."

Majalisa ta kwashe da dariya. Cika ya ce, "Kai dai Malam, babur ɗinka sai an tura, amma ka san abin da ac cikin kofi."

Da na ga an saurare ni sai kaina ya kumbura, na shiga darasi. Na gaya musu kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Akwai wani sinadari da ake kira sodiyam a cikinsu duka, in ya yi yawa a jiki yana riƙe ruwa, ruwan ya taru, zuciya ta yi ta fama da kayan da suka fi ƙarfinta. Na ce 'yar kaɗan da ake jefa wa wake ko miyar kuɓewa ba ita nake tsoro ba. Abin da nake tsoro shi ne kunun kanwa da ake ɗura wa masu jego ƙwarya-ƙwarya, a haɗa musu da tafasasshen ruwa da ɗaki mai wuta. Har da buga ƙirji na ce gwamnati ta bar mutane cikin duhu, ta tsaya rabon gishiri da sabulu lokacin zaɓe.

Cika ya ce, "To ka hana gidanku mu gani."

Na ce, "Gidana ba a shan shi."

Ban taɓa faɗar maganar da ta dawo ta tsaya mini a wuya kamar wannan ba.

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, don haka da cikin ya shiga wata takwas aka mayar da Luba Kebbe wurin mahaifiyarta, Inna Kulu. Luba ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yan Inna, mahaifinta kuma ya daɗe da rasuwa. Shekara uku da aurenmu, ban taɓa kallon fuskar Inna ba. In na je, a bakin zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa daga nesa, in gaishe ta idona a ƙasa. Ita ma ba ta kiran sunana, sai Malam. Mutane suna yaba mini wannan kunya, ni ma ina jin daɗin yabon.

Yayata Ige ce ta kawo mini jerin kayan jego: itace, gero, kayan yaji, ƙafar sa, da kanwa. Na ce mata a cire kanwa.

Ta riƙe baki ta ce, "Ɗan Tambuwal shi kai kayan jego Kebbe babu kanwa? So kaka yi a sa mu baki har jikokinmu? Da ita anka yi jegonka, ga ka nan kana damun mutane da surutu. Ka kai ta, in ba su sha ba su ba shanu."

Gidan su Luba suna da shanu, shanu kuma ana ba su kanwa su lasa. A nan na samu mafaka. Na shiga kasuwa, kuma don kada a ce malami ya yi rowa, na zaɓi kanwa ungurnu mai kyau, ƙaramin buhu cike. Ni na ɗaure shi a bayan babur, ni na sauke shi a zauren Inna. Duk hanya ina gaya wa kaina ai shanu na kai wa.

Luba ta sauka lafiya, 'ya mace. Ranar suna aka sa mata Hauwa'u, sunan Inna. Na hango jaririyar a hannun Yaya Ige, ban ɗauke ta ba, don ɗan fari ba a rawar jiki a kansa gaban surukai.

Mako na biyu na je ranar Asabar. Farkon damina ne, irin zafin nan mai sa riga ta manne a baya. Na shiga ɗakin da aka ware wa Luba, wuta na ci a ƙarƙashin gadon ƙasa, ita kuma ta fito daga wankan safe ke nan, fatarta ta yi ja. Ga ƙwarya a gefenta. Tun daga ƙofa hancina ya gaya mini abin da ke ciki.

Na rage murya na ce, "Luba, sau nawa kika shan wanga?"

Ta ce, "Ukku. Wata rana fuɗu, in Inna ta ga nono bai cika ba."

"Ki rage shi. Ki ce ba ki so."

Ta yi 'yar dariyarta ta ce, "Malam, ni in ce ma Inna ba ni so? Tun asuba taka tashi ta surfa geron nan. Kai da ka iya magana, ga ta can tsakar gida."

Na leƙa. Inna na tsugune tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar wanka, hayaƙi na shiga mata ido. Na ce a raina bari sai zuwa na gaba. Na yi sallama na hau babur.

Mako na uku Luba ta turo mini hotonta a waya. Fuska ta cika, kumatu sun fito. Na nuna wa Yaya Ige, ta ce, "Ka gani? Jego ya karɓe ta." Ni ma na yi murna, wallahi na yi. Ni da na tsaya gaban mutane na ce sodiyam na riƙe ruwa, na kalli ruwa a fuskar matata na kira shi ƙiba. Bayan kwana biyu ta ce mini silifas ɗinta sun daina shiga, kuma wani busasshen tari ya sa ta gaba. Na sayi maganin tari a kemis na ba direban da ke zuwa Kebbe ya kai mata.

Mako na huɗu da na je, na tarar ƙafafunta sun zama kamar turame. Na danna ƙwaurinta da babban yatsa, na ɗauke, ramin ya tsaya bai ciko ba. Ta ce in ta je bayi ta dawo sai ta jingina da bango ta huta. 'Yan'uwa kuwa kowa da nasa. Wata gwaggo ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Wani kawu ya kawo sassaƙe. Amma maganar da ta fi ƙarfi a gidan ita ce sanyi ya shige ta, kuma maganin sanyi zafi ne.

Na fito na durƙusa inda na saba. Inna ta ce, "Malam, ka ga jikin matar taka. Sanyi na ya samu ƙofa. Amma kada hankalinka shi tashi, na ƙara mata wuta, na ƙara kanwa ga kunun. Kanwar da kak kawo mai kyau ta, Allah shi yi maka albarka."

Maganar tana bakina. Na shirya ta a hanya tun daga garin Dogon Daji, na maimaita ta a kan babur ya fi sau goma. Inna, a daina kunun nan, a kashe wutar nan, mu tafi asibiti yau. Ba ta kai numfashi biyu ba. Na buɗe baki, na ga ƙafafun Inna da suka tsattsage saboda tsayuwa a bakin murhu, sai na ji kaina na ce, "Allah shi saka da alheri, Inna."

Da na dawo Tambuwal na roƙi Yaya Ige ta kira Inna ta faɗa mata. Ta kira kuwa, a gabana. Sai da suka yi gaisuwa mai tsawo, suka tambayi shanu da ruwan sama, sannan Yaya ta ce, "Malam ya ce a riƙa yi a hankali." Inna ta ce to, madalla. Iyakar saƙon da ya isa Kebbe ke nan. Da yamma na je majalisa, aka taso da maganar tsadar mai tun da aka cire tallafi, na yi jawabi har ana cewa da ni ya kamata a ba minista.

Ranar kwana talatin da biyu da haihuwa, da hantsi, ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Luba ce. Ta ce, "Malam," ta tsaya. Ta ce, "ba ni," ta sake tsayawa tana jan iska. Daga baya na ji cewa kwana uku ke nan a zaune take barci, in ta kwanta numfashi ɗaukewa yake yi. Na bar alli a kan tebur na fita.

An kwana ana ruwa, hanyar Kebbe ta zama abin da kowa ya sani. Direbobin tasha biyu suka ce ba za su kashe motarsu ba. Ina tsaye na rasa inda zan sa kaina sai ga Cika. Bai tambaye ni komai ba bayan ya ga fuskata. Ya ce, "Shiga mu tahi." A motar kamfen muka ɗauko Luba, lasifika a ka, hoton ɗan takarar da na kwatanta da zoɓo manne a kowace ƙofa. Sau biyu muna kafewa a laka, mutanen ƙauye suka fito suka tura mu suna ɗaga hannu suna kirarin jam'iyya, ba su san abin da ke kujerar baya ba. Inna ta rungume Luba, jaririya goye a bayanta. Har yau ra'ayina bai canza ba a kan mutanen da suka bar hanyar nan haka. Amma Cika, in ka karanta wannan, ban da bakin gode maka.

Asibitin farko da muka tsaya suka yi mata allurar sa fitsari, suka ce mu wuce Sakkwato. Can kuma muka shiga layi. Layin kati, layin ganin likita, layin hoton ƙirji, layin hoton zuciya wanda aka ce sai gobe don mai na'urar ya tashi. Luba na kan keken marasa lafiya, bakinta a buɗe kamar mai shirin magana. Allah ya haɗa mu da wata nas, dattijuwa, wadda ta dube ta sau ɗaya ta ture layin ta shige da ita. Ban san sunanta ba. Allah ya sani.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Bayan ta ga hoton ta ce, "Zuciyarta ta buɗe, ta saki, kamar robar wando da ta gaji. Tana bugawa amma ba ta iya tura jini." Ta tambayi abin da take ci. Inna ta lissafa mata da alfahari, wanka biyu, wuta ba ta mutuwa, kunu huɗu. Likita ta ajiye biro. Ta ce wannan ciwo yana kama mata bayan haihuwa, har waɗanda ba su taɓa ɗanɗana kanwa ba, don haka ba za ta ce kanwa ce kaɗai ba. Amma zuciyar da ta riga ta raunana, a yi ta loda mata gishiri da ruwa da zafi, an tura ta inda ba ta iya dawowa da sauƙi. Ta ce, "Da kun zo ranar da ƙafa ta fara kumbura."

Sannan ta juyo ta tambaye ni da Turanci aikin da nake yi. Na gaya mata. Ta kalle ni na ɗan lokaci, ta ci gaba da rubutu. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana shida muka yi. Na sayar da babur ɗin, aka yi ta sayen magani da iskar numfashi, wadda wani lokaci tukunya ɗaya ake jan ta tsakanin gado biyu. In wuta ta ɗauke sai mu kama fifita. A harabar asibitin akwai wata bishiya da masu jinya maza ke zama, su ma majalisa ce sosai, ana ta wa zai ci wa zai faɗi. Wani ya taɓa ni ya ce, "Malam, kai ba ka ce komai ba." Na ce ban san komai ba.

Rana ta uku kumburin ya sauka, har ƙashin idon sawunta ya fito. Ta zauna, ta karɓi jaririya, ta ɗanɗana abincin da aka dafa mata babu gishiri ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Malam, wanga kemistirin naka ba shi da daɗi."

Na yi dariya har hawaye. Na kira Yaya Ige na ce an samu sauƙi. Da Inna ta fita wanke zannuwa, Luba ta kama hannun rigata ta ce, "Kada ka ga laifin Inna. Abin da anka yi mata shi ta yi min." Na ce ba na ganin laifinta. Ban gaya mata laifin wa nake gani ba, ina jin ta sani.

Ranar kwana talatin da takwas, bayan azahar, aka rubuta wani magani aka ce in yi sauri. Na bi layi, na samo, na dawo da gudu da leda a hannu. Na tarar an ja labule. Inna na zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, jaririya na barci a bayanta. Ta ce, "Malam, ta tahi." Saura kwana biyu ta gama wanka. Ɗinkin da na yi mata na fitar arba'in yana nan wurin tela, na kasa zuwa karɓa.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Mai jego in ƙafarta ta kumbura, ko tari ya kama ta, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti ranar, kada a jira a ga ko sanyi ne. A sassauta mata kanwa da gishiri da wuta. Iyayenmu mata ba mugunta suke yi ba, ƙauna ce, kuma babu wanda ya zauna ya yi musu bayani. Mu da muka sani a gindin bishiya muke faɗa wa junanmu, inda babu mace ko ɗaya.

Bayan addu'ar arba'in ɗin rasuwarta na je Kebbe duba Hauwa'u, wadda Inna ke raino da madarar gwangwani. Na tuɓe takalmi, na durƙusa inda na saba. A jikin bangon rumbu na hango buhun nan, saura kamar kwata, an ɗaure bakinsa da tsumma. Inna ta amsa gaisuwa.

Ta ce, "Abokinka mai mota ya zo mini gaisuwa. Yaro na mai kirki. Shina ta yabonka, yac ce kai ka daɗe kana faɗin illar kanwa can majalisarku, tun Luba na da ciki."

Cika yabo ya yi, bai san abin da ya kai ba. Inna ta tambaye ni.

"Gaskiya na?"

Na ce, "Gaskiya na, Inna."

"Ka sani, kak kawo min buhu guda?"

Na ce, "Kunya na ji."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni ban yi boko ba, Malam. Da hannuna na dama, da hannuna na riƙa mata ƙwarya, ina ce mata shanye, shanye. Ran da na ce maka na ƙara, godiya kay yi min. Da ka tsaya tsakar gidanga ka zage ni gaban maƙwabta, ɗiyata na raye, da ni ka bin ka har Tambuwal ina sa maka albarka."

Hawayena na ɗiga a kan ƙasa tsakanin gwiwoyina. Na ji motsinta ta tashi, ta kwance goyo, ta tako har inda nake, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Ɗaga kanka ka dibe ni."

Na ɗaga. Ashe idon Luba ne da ita, da goshin, da komai. Shekara uku ban sani ba.

Ta ɗora mini jaririyar a hannu ta ce, "Riƙa ɗiyarka. Kunya ta ƙare gidanga. Wata rana wagga za ta haihu, ni ba ni nan. Ka buɗe bakinka."

Wannan ne karon farko da na ɗauki 'yata. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta kama yatsana, wanda na danna ƙwaurin uwarta da shi, ta kai baki tana tsotsa.

Allah ya jiƙan Luba, ya ba Inna haƙuri. Ni kuma ku roƙa mini gafara.